Duna ya kwana 23 a gidana: inda muka kwana

'Yan uwa masu koyon kiwon kare, ga ci gaban labarin Duna. Ga wanda bai ji farkon ba: karen wani maƙwabcin Kawuna ne a garin Wad Madani na ƙasar Sudan. Da yaƙi ya shiga garin a Disamban 2023 suka gudo tare zuwa nan Gadarif. Bayan wani lokaci mutumin ya wuce Bur Sudan da iyalinsa, kare ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗo nawa. Ni kuwa dama ina neman mai gadin awaki.

Kwana goman farko ban ga komai ba sai wulaƙanci. In na shigo ta ƙofa, shi ya shige ƙarƙashin angarib, wato gadon katako mai saƙar igiya, da ke rumfa, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance. Abin da ya fi ƙona min rai, ƙaramar 'yata in ta wuce yakan ɗago kai ya bi ta da kallo, ni da ke sayo masa abinci kuwa sai gurnani. Har na ce wa Kawu karen nan ya tsane ni. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, tsoro ne. Ka dubi tsayinka, ka dubi nata."

Ya yi gaskiya, laifina ne. Kullum sai in tunkare shi gaba da gaba, in sunkuya a kansa, in zuba masa ido, in miƙa hannu zan shafa kai. A wajen kare duk wannan barazana ce. Yawan hamma da lasar baki da nake gani, da na ɗauka yunwa ce, ashe alamar damuwa ce. Sau ɗaya ma na ja shi da igiya don ya fito. Kada wanda ya gwada wannan. Kwana biyu ya yi bai ci abinci a gabana ba.

Daga rana ta 11 na sauya. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma nesa da rumfar kamar taku biyar, in zauna in ba shi gefe, ina gyaran igiyar awaki kamar ban san da shi ba. Jifa-jifa in wurga ɗan guntun nama wajensa, ba tare da na dube shi ba. In ya ci, na gaba ya faɗi kusa da ni kaɗan. Shi ke nan aikin, kusan rabin awa kullum, lokaci ɗaya.

Rana ta 17 ya fito da kansa. Ya miƙo wuya, ƙafafun baya na can a shirye don gudu, ya sunsuni takalmina da ke bakin tabarma. An ce in ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi, to ya ɗauka kuwa, ya kai ƙarƙashin angarib ya kwanta a kai. Na bar masa. Da silifas na je magariba.

Wani abin dariya: duk kwanakin nan "zo, zo" nake ta yi. Ranar nan Kawu ya ce "ta'al", sai ga kunnuwa sun miƙe. Ashe da Larabci aka raine shi, ni ina ta yi masa Hausa.

Kan abinci, na hana a zuba masa ragowar miya saboda albasa, tana lalata wa kare jini. Asida, wato tuwonmu na nan, zalla da ɗan nama nake ba shi, ba na ba shi dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Kwanonsa daban yake, ba ya haɗuwa da na gida. Inna ta yi ƙorafin kare a gida, Malam ya ce mata na gadin dabbobi ya halatta, ta yi shiru amma har yanzu harara take.

Jiya ya bari na taɓa ƙirjinsa, na ƙirga uku na janye hannu, ya matso da kansa. Akwai kaska biyu a bayan kunnensa na hagu da nake gani ban isa in cire ba tukuna, ga kuma allurar haukan kare da ke jira. Wanda ya taɓa kai kare mai tsoro wajen likitan dabbobi, ya gaya min yadda ya sa shi a mota.