Garkar gida a tsakiyar bazara

Shekara tara ke nan ina sana'ar dashe a Maradi. Ina da ɗan fili a bakin Gulbi inda muke renon mangwaro, gwaiba, lemun tsami da zogale cikin leda, ni da yara uku. Muna kuma zagaya gidaje muna kula wa mutane da garkarsu, su biya mu ƙarshen wata. Daga Afrilu har ruwan farko ya sauka wajen Yuni, wayata ba ta hutawa. Rana na haura digiri 40, Gulbi ya zama rairayi, kowa kuma kukansa ɗaya: shuka na mutuwa alhali kullum ana ba ta ruwa.

Bara wata Hajiya a unguwar Ali Ɗan Sofo ta kira ni kan gwandarta da lemunta. "Ɗana, zo ka gani, kuɗin pampo ya cinye ni, ganye kuwa sai zuba yake." Na isa bayan azahar, na tarar yaron gidan riƙe da tiyo yana ta yayyafi bisa ganye. Tiyon ya wuni a rana, ruwan da ya fara fitowa sai da ya ƙona mini hannu. Na tona gindin lemun da yatsa: sama jiƙe, ƙasa da gaɓa biyu busasshe ƙayau. Na ce, "Hajiya, ai wanka ake yi masa, ba a ba shi ya sha."

Ƙasarmu ta cikin gari jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Sai muka yi wa kowane icce gurbi mai faɗi, ana cika shi da bokiti biyu da asuba ko bayan la'asar sakaliya, kwana biyu sau ɗaya. Muka rufe gurbin da ƙaiƙayin gero da busasshen ganyen bedi, amma ba mu bari ya taɓa jikin iccen ba, don gara ba ta wasa da busasshen abu. Duk zuwa nakan ɗaga in leƙa, in na ga hanyarta in barbaɗa toka. Ƙananan dashe kuma muka kafa musu zana ta yamma, inda rana ta fi duka. Wanda ba shi da mai ban ruwa, ina binne masa tulu kusa da saiwa, a cika a rufe baki, ya riƙa tsattsafowa a hankali.

Inda muke yawan saɓawa da masu gida shi ne taki. Da sun ga ganye ya yi ɗorawa sai su sayo na zamani su zuba, saiwar da ke fama da ƙishi ta ƙarasa ƙonewa. Ni ba na sa komai sai ƙasa ta sha ruwan sama, shi ma kashin awaki da ya daɗe ya ruɓe. Haka in an nemi sabon dashe a watan Mayu nakan ce a dakata, ko da yake cinikina nake korewa. Salati ma ba lokacinsa ba ne, ɗaci yake yi. Zogale da yakuwa su ne 'yan gida, ku duba yadda manoman Jiratawa, nan kusa da Maradi, ke cika kasuwa da ganyen zogale.

Gwandar Hajiya ɗaya ba ta tashi ba, mun makara. Lemun kuwa ya yi toho kafin damina, har ta aiko in ajiye mata gwaiba biyu zuwa Yuli.