Taron kallon sama a Katsina: inda aka kwana, da abin da ya rage kafin hazo ya sauko

Jama'a masu koyon kallon taurari, damina ta ɗauke, kuma wannan ɗan tsakanin, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, shi ne lokacin da sama ta fi yin tas a ƙasar Katsina. Ruwa ya wanke ƙura, gajimare ya janye, hazon hunturu bai kankama ba. Duk wanda ke da niyyar tara mutane ya nuna musu wata da duniyoyi, yanzu ne. Ga inda shirin ya kai, da gyare-gyaren da aka yi masa.

Abin da ya fito fili zuwa yanzu shi ne girman madubin hangen nesa ba ya cikin abubuwan da ke sa taro ya yi kyau ko ya lalace. Zaɓen dare, zaɓen wuri, izini da tsarin layi su ne ke yanke hukunci. Madubi mai inci 6 da aka shirya wa taro da kyau ya fi mai inci 12 da aka kafa ƙarƙashin fitilar titi a daren goma sha huɗu.

A fara da dare. Sabon shiga yakan ɗauka daren sha huɗu ya fi, tunda wata ya cika. A madubi kuwa cikakken wata fari ne fat, ba inuwa, ba zurfi, yana kashe ido, haskensa kuma ya shafe ƙananan taurari. Daren da ake so shi ne 6 zuwa 9 ga watan Musulunci. A lokacin, rana na faɗuwa wata yana can sama, ba sai an jira fitowarsa ba, kuma hasken rana yana bugun duwatsunsa a kaikaice. A bi iyakar nan da ke tsakanin ɓangaren haske da na duhu, nan ramuka ke fitowa da inuwarsu. Wajen daren 7 zuwa 8, kusa da tsakiyar fuskar wata, akwai ramin Albategnius, mai faɗin kusan kilomita 130, wanda aka sa wa sunan Al-Battani, da ramin Arzachel mai sunan Az-Zarƙali na Andalus, dukansu malaman ilimin taurari na da. Daga daren 9 zuwa 10 sai ramin Copernicus, mai faɗin kilomita 93, ya shigo haske. Faɗa wa mai kallo cewa ramin da yake gani ya fi nisan Katsina zuwa Daura faɗi yakan sa ya sake kai ido da kyau.

Wuri kuwa, maganar gaskiya, halin tsaron da ake ciki bai bar mu mu fita daji da dare neman duhu ba, kuma kada wanda ya gwada. Ba a ma buƙatar hakan, domin wata da duniyoyin Zara, Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) duk ana ganinsu daga tsakiyar gari. Filin makaranta mai katanga da maigadi ya wadatar. A je da rana a duba abu uku: inda fitilun sola na titi ke haskowa, ko akwai bango ko bishiyar bedi da za ta tare su, da kuma ko kudu da gabas a buɗe suke. A kafa madubi a kan ƙasa ko ciyawa. Siminti da kwalta da rufin kwano suna sha zafi da rana, su yi ta fitar da shi bayan magariba, iskar da ke tasowa daga kansu ita ke sa hoto rawa. A yayyafa ruwa a wurin tun da la'asar don ƙafafun jama'a kada su tayar da ƙura.

Izini ba abin wasa ba ne. Dogon bututu da aka auna sama cikin dare, ga taron mutane, wanda bai sani ba zai iya ɗaukar sa wani abu dabam. A rubuta takarda ga shugaban makaranta, a kai wa mai unguwa gaisuwa da bayani, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da 'yan sintirin unguwa, da rana da lokaci da sunan wanda ke da alhakin taron. Mafi kyau a kai wa mai unguwa da liman madubin tun kafin ranar su leƙa da kansu. Gani ya kori ji. Fitilar leza mai koren haske da ake nuna taurari da ita, kada ta wuce miliwat 5, mutum ɗaya ne zai riƙe ta, kuma ba a ɗaga ta idan akwai jirgi a sama. Unguwannin da ke kusa da filin jirgin sama na Umaru Musa Yar'adua, a bar ta a gida gaba ɗaya, a yi nuni da kara.

Madubin da ake aiki da shi samfurin Dobson ne, wato bututun da ake turawa da hannu, faɗin madubinsa milimita 150, tsawon tattara haskensa milimita 1200. Lissafin ƙara girma mai sauƙi ne: a raba 1200 da lambar da ke jikin gilashin leƙe. Mai milimita 25 yana ba da ninki 48, mai milimita 10 ninki 120. Ga taro, mai 25 ne abin yi, ga dalili. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, wato kwatan digiri a kowane minti. A ninki 48 faɗin abin da ido ke gani kusan digiri ɗaya ne, don haka abu yakan ɗauki minti huɗu kafin ya ratsa daga gefe zuwa gefe. A ninki 120 bai kai minti biyu ba, daga tsakiya zuwa baki kuwa ƙasa da minti ɗaya. Ma'ana, bayan kowane mutum sai mai kula ya sake saiti. Dabarar ita ce a ajiye abin a bakin da yake shigowa, ya yi tafiyarsa cikin fili yayin da mutum biyu ko uku ke leƙawa. A tuna hoton irin wannan madubi a kife yake, don haka hannu kan so tura bututu inda bai kamata ba har sai ya saba. Mai milimita 10 a ajiye shi don Zuhal da Mushtari, idan layi ya ragu.

Abubuwan da suka fi lalata kallo guda uku ne, kuma duka ana magance su kafin mutane su zo. Na farko zafin madubi. Idan ya yini a ɗaki ko a bayan mota, gilashinsa ya fi iskar waje zafi, hoto ya yi ta tafasa. A fito da shi minti 30 zuwa 45 kafin a fara, a buɗe murfi, cikin inuwa, bakinsa ba ya kallon yamma. Na biyu saitin madubai biyun da ke ciki, wanda girgizar Keke Napep a kan hanya ke gusarwa. A auna tauraro mai haske a ninki 120, a murɗa har ya baje ya zama zobe. Idan baƙin ɗigon tsakiya yana tsakiya daidai, lafiya lau. Idan ya karkata, a taɓa kusoshi ukun da ke bayan babban madubi, kwatan juyi a lokaci guda, ana dawo da tauraron tsakiya bayan kowace taɓawa. Na uku ƙaramin madubin saiti da ke kan bututu. A daidaita shi da sauran hasken rana, a kan wani abu mai nisa da ba ya motsi, kamar kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. Wanda ya bari sai dare, zai yi ta lalube jama'a na tsaye.

Ƙura kuwa, kada a goge babban madubi da tsumma ko gefen riga, komai yawan ƙurar da aka gani. Ƙurarmu yashi ce, tana karce rufin alminiyon da ke fuskarsa, kuma ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake zato. A rufe bakin bututu da gindinsa da leda da roba idan an gama. Gilashin leƙe ne ke shan wahala, da kwalli da man gashin ido da yatsun yara. A fara hure shi da ɗan famfon roba, sannan a shafa da auduga mai ɗigon sifirit, daga tsakiya zuwa baki.

Tsarin lokaci yana bin salla. A Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6. A kafa kaya kafin magariba, a bar mutum ɗaya da su. Tsakanin magariba da isha'i na yara ne, su ga wata su koma gida da wuri. Bayan isha'i manya. Idan aka ƙiyasta minti ɗaya ga kowane mutum, har da hawa da sauka da gyaran saiti, madubi ɗaya mutum 60 yake ɗauka a awa, don haka kada a gayyaci 300. Layin mata dabam, kuma idan da hali mace ce za ta tsaya a kan madubin a lokacinsu, iyaye sun fi sakin jiki da haka. A zana da'ira da toka ko farar ƙasa, taku biyu daga madubin, mai leƙe da mai kula kawai ke shiga. A kawo kujera 'yar tsugunno mai ƙarfi don yara su taka, a ce kowa ya sa hannu a baya, domin abu na farko da hannu ke nema shi ne gilashin leƙe, ya ja, saiti ya tafi. Masu son ɗaukar hoton wata da waya a ce su jira ƙarshe. Mutum ɗaya mai neman daidaita kyamara yakan cinye lokacin mutum biyar.

Wanda ke layi ma kada a bar shi haka. Mutum na biyu ya tsaya da su yana nuna abin da ido ke gani. Daga Katsina tauraron arewa yana digiri 13 bisa doron ƙasa, daidai da layin da garin yake a kai, wato ɗan fiye da dunƙulen hannu ɗaya idan an miƙe shi. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana fitowa gabas bayan magariba a Nuwamba, kuma a tabaron hangen nesa mai ido biyu, mai lambar 10x50, ta fi kyau fiye da a babban madubi, domin duk gungun ke shiga fili ɗaya. Da irin wannan tabarau, idan aka jingina gwiwar hannu a bango, ana ganin watannin Mushtari, huɗun nan da Galileo ya gani a 1610. Zuhal kuwa a gaya wa mutane tun kafin su leƙa cewa ƙarami za su gani. Zoben da ke kewaye da shi ya juyo mana gefe a Maris 2025, yanzu yana buɗewa sannu a hankali, ba zai yi kama da hoton littafi ba tukuna.

Tambaya ɗaya ba ta taɓa rasa zuwa: a duba wa mutum tauraronsa. A amsa da ladabi kuma a taƙaice, cewa wannan aikin auna tafiyar rana da wata da taurari ne, irin wanda ake sanin lokacin salla da alƙibla da tsayuwar wata da shi, ba ya faɗin abin da zai sami kowa gobe. Ba a jayayya a bakin madubi. Kuma ilimin lissafi ba baƙo ba ne a nan, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, Bakatsine ne.

Neman abokan tafiya shi ne ɓangaren da ya fi tafiyar hawainiya. Buɗe zauren WhatsApp a zuba kowa a ciki bai haifar da komai sai gaisuwar Juma'a. Abin da ke aiki shi ne lura a bakin layi. Wanda ya koma baya ya sake bin layi, ko ya tambayi dalilin da ya sa watan ke gudu daga cikin gilashi, ko ya ce a bar shi ya auna da kansa, shi ake rubuta sunansa. Irin waɗannan ake kira zama na biyu, mutum takwas zuwa goma, a daren da babu wata da farkon dare, daga 20 ga wata zuwa ƙarshe. A nan ake kashe waya, a naɗe tocila da jar leda ninki biyu, a ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, a koya musu manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, sannan a sakar musu madubin. Jarrabawar farko ita ce su nemo Andromeda a arewa, tarin taurarin da malamin taurari As-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a 964, wanda haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya.

Sauran wuraren da ya kamata a ƙwanƙwasa: malaman fiziks da labarin ƙasa na sakandare da ƙungiyoyin kimiyya na ɗalibansu, wato JETS, ɗaliban kimiyya na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam da na Dutsin-Ma, da mutanen da ke fita duban jinjirin wata kowane 29 ga wata, waɗanda sun riga mu sanin yammacin sama. Ga masu duban wata akwai gargaɗi guda: ba a ɗaga tabarau zuwa yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Dattawan ƙauye da ke sanin shigowar damina da tafiyar taurari su ma a zauna da su a rubuta sunayen da suke kira.

Abin da ke gaba: daren 13 zuwa 14 ga Disamba akwai zubar taurari ta Geminid, ba ta son madubi, tabarma da bargo kawai, idan hazo ya bari. Sai kusufin rana na 2 ga Agusta 2027. Katsina ta ga cikakken kusufi ranar 29 ga Maris 2006, amma wannan karon cikakken zai bi ta Maroko, Libiya, Masar da Saudiyya, mu ɓangare za mu samu da hantsi, a tsakiyar damina. Tabaron kallon rana sai mai lambar ISO 12312-2, kuma a yi odarsa da wuri. Baƙin tabarau na kasuwa, fim ɗin hoton asibiti da gilashin da aka turara da hayaƙi duk suna barin hasken da ke ƙona ido ya wuce. Ga yara, a huda kwali da allura, su juya wa rana baya, su kalli hotonta a kan farar takarda da aka riƙe kamar mita ɗaya daga kwalin. Ana iya gwada wannan a kowace rana tun yanzu, a ga ɗan da'irar ta fito.