Mama Zumunta: Gwaggona da Ba a Taɓa Naɗa Ta Fasto Ba

Makonni uku ke nan da muka yi jana'izar gwaggona a nan Gombe, amma har yanzu abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gardamar da aka yi a zauren gidanmu a kan abin da za a rubuta a gaban sunanta a takardar tsarin sujada. Wani daga cikin jikokinta ya ce a sa "Fasto", wani dattijon ikilisiya ya ce hakan bai dace ba tunda ba a taɓa naɗa ta ba, daga ƙarshe aka tsaya a kan "Mama", domin dama Mama Zumunta kowa ke kiranta. Dattijon bai yi kuskure ba, gama ikilisiyarmu ta ECWA ba ta naɗa mata fastoci. Sai dai a cikin waɗanda suka cika majami'a ran nan har suka tumbatsa waje, da wuya a sami wanda bai taɓa zama a kan tabarmarta yana karɓar gargaɗi ko ta'aziyya ba.

An haife ta a wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Tangale, kusa da Kaltungo, inda masu mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM), John Hall da Gordon Beacham, suka kafa tasharsu a 1917. Tangalanci ne harshen da ta sha a nono, amma da Hausa ta koyi karatu, domin tun daga 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wannan harshe ya zama abin da ya haɗa Batangale da Bawaje da Batere a benci ɗaya. Tana yarinya lokacin da aka kafa ECWA a 1954, aka fara miƙa ragamar ikilisiyoyi ga 'yan ƙasa. Ba ta yi makarantar boko mai nisa ba. Iliminta na tauhidi kuwa a ajin matan ɗalibai ta same shi, sa'ad da mijinta ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, inda ake koya wa matan karatu da haddar ayoyi da ɗinki da kiwon lafiyar yara, a kan cewa za su zama mataimakan mazajensu.

Da aka tura su aikin bishara wani ƙauye a bakin kogin Gongola, sai ta tarar cewa rabin aikin ba ya yiwuwa sai da mace. Mijinta yana iya zama da magidanta a gindin bishiya, amma ba shi da ikon wuce zaure, alhali a cikin gida ne ake naƙuda, a can yara ke fama da ƙyanda, a can kuma kishiyoyi ke cin naman juna. Ita ce ke shiga. Ta koyi aikin ungozoma a hannun wata tsohuwar ƙauyen, kuma da gawayi take rubuta baƙaƙe da wasula a jikin bangon rumbu tana koya wa mata karatu bayan sun gama daka. Ta sha gaya mana cewa ba ta taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa nata ba.

Bayan rasuwar mijinta ta dawo Gombe da 'ya'ya biyar, tun garin yana ƙarƙashin Jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta riƙe gidan, kuma a hannunta na tashi bayan da mahaifina ya kawo ni makaranta.

A nan ne aka zaɓe ta shugabar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, aka yi ta sake zaɓenta har sai da ita da kanta ta ce a nemi wata. Wanda ya san Zumunta daga nesa yakan ɗauka aikinsu bai wuce anko da waƙa ba, wato layin mata da zane iri ɗaya, ana buga tulu da kacau-kacau ana rangaji. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shugabarsu na san cewa waƙar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Akwai wani littafin rubutu mai baƙin bango da take ajiyewa a ƙarƙashin katifa, wanda a ciki take rubuta kuɗin adashi da gudummawar mako, da sunan gwauruwar da ruwa ya ci dangarta, da yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta, da majinyacin da ke kwance ba mai kai masa kunu. Da dare takan sa ni in haska mata fitila in karanta mata lissafin, idan kuwa naira ɗaya ta ɓace, ba wanda zai runtsa sai an gano inda ta shiga. Takan ce mini, "Ɗana, kuɗin gwauraye ne, wuta ne, kada ka yarda ya kwana a aljihunka."

Wa'azinta a mumbari sau ɗaya ne a shekara, a Lahadin da ake bar wa mata su jagoranci sujada, kuma ko fastocin da suka yi digiri sukan gyara zama idan ta buɗe Littafi. Ba ta da salon ɗaga murya. Takan ɗauki aya ɗaya ta yi ta juya ta kamar mai tuƙa tuwo, har sai kowa ya ga gidansa a ciki. Na taɓa tambayarta, lokacin da nake ganiyar samartaka da son gardama, ko ba ta jin ciwon cewa yaran da ta koya wa haddar ayoyi a makarantar Lahadi sun zama Rabaran, ita kuwa tana nan a bencin mata. Na kawo mata, daga Littafi Mai Tsarki, misalin Debora da ta yi wa Isra'ila shari'a, da Biriskila da ta gyara wa Afolos koyarwarsa, da Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce duk ta san su, amma in ɗauki kwanon nan in kai wa maƙwabciyarmu Hajiya da ke jego kafin ya huce. A lokacin na ɗauka kauce wa tambayar ta yi. Har yau ina ganin ya kamata ikilisiya ta zauna ta duba wannan batu da idon basira, domin ba kowace mace ce za ta iya haɗiye abin da Gwaggo ta haɗiye ba, kuma haƙurinta bai kamata ya zama hujjar rufe maganar ba.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Tana da zafi, kuma harshenta yana da kaifi. Akwai wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da ta yi ciki ba aure, Gwaggo ta tsawata mata a gaban mata har yarinyar ta daina zuwa sujada. Bayan wata biyu Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta je har gidan iyayen, ta durƙusa ta roƙi gafarar yarinyar da ba ta kai sa'ar autarta ba, kuma a ɗakin Gwaggo aka yi jegon. Tun daga ranar ba ta ƙara yi wa kowa horo a bainar jama'a ba.

A ƙarshen 2014, bayan da Boko Haram ta kama Mubi, mutane suka yi ta kwararowa Gombe daga Adamawa da kudancin Borno, wasu ko takalmi babu. Tsufa ya riga ya kama ta, gwiwoyinta ba sa kai ta kasuwa, amma daga kan tabarma ta rarraba baƙin a gidajen matan Zumunta, wannan ta ɗauki uku, waccan ta ɗauki biyar. A tsakar gidanmu kaɗai an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, kuma buhun masarar farko da aka dafa musu daga gidan Hajiya ya fito.

Shekaranjiya na kai wa sabuwar shugabar Zumunta littattafan lissafin nan, guda bakwai, ɗaure da tsumman tsohon anko. Muka buɗe na ƙarshe tare, sai muka tarar da sunayen mata da yawa da suka ci bashin asusu, an ja layi a kan kowanne, an rubuta "an biya" da rubutun Gwaggo mai karkata. Ma'ajiyar ta daɗe tana duban shafin, sa'an nan ta ce ita dai ba ta taɓa karɓar ko sisi daga hannun waɗannan matan ba, kullum Mama ce ke kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane, yana ƙanshin man gyaɗa.