Ɗinkin kunzugun jarirai da jakunkunan ƙyalle a Maradi

Sana'ata ɗinki ce, kuma a ɗan shagon da nake da shi a unguwar Zariya muna ɗinka kunzugun jarirai, da ƙyallen al'ada na mata, da jakunkunan cefane waɗanda ake wankewa a sake amfani da su. Yawancin yadin da muke aiki da shi daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano yake zuwa, ya biyo ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Ɗan Isa, shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka a 2023 muka koma sayen tawul na gwanjo muna yankawa.

Kafin almakashi ya taɓa sabon yadi sai an jiƙa shi an wanke, domin sitacin da ke jikinsa yana hana shi shan ruwa, kuma auduga takan tsuke bayan wankin farko. Kunzugu hawa uku muke yi masa: farar auduga mai laushi a ɓangaren da ke taɓa fatar yaro, tawul a tsakiya, sannan yadi mai hana yoyo daga waje. Bakin tawul kuwa dole a daje shi da kyau, in ba haka ba zare zai riƙa zuba tun kafin yaro ya fara rarrafe.

Ɗinkin bai kai sayarwar wuya ba. Uwa tana iya sayen famfas ɗaya a shagon unguwa da ƴan canjin da ke bakin zanenta, amma kunzugu sai ta sayi da dama lokaci guda, wani na jikin yaro wani na kan igiya. Saboda haka muke karɓar biya kaɗan-kaɗan, wasu kuma sukan jira ranar kwasar adashi. Akwai kuma batun ruwa, domin wadda take sayen ruwa wajen ƴan garuwa tana da gaskiya idan ta lissafa kuɗin wanki da sabulu, kuma ba na yi mata musu.

Ƙyallen mata matsalarsa kunya ce. Ana so a fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, a wanke da sabulu, a shanya a rana, amma da yawa sukan ɓoye shi a ɗaki inda ba ya bushewa, musamman a watan Agusta. Wannan ne ya sa muke ɗinka shi yadda in an warware sai ya yi kama da hankici, a shanya shi tsakar gida ba wanda zai kula.

Jakar cefane ce kasuwarta ta fi ja baya, duk da cewa tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana leda. Muddin mai tumatir yana ba da leda kyauta, kaɗan ne za su fito da jaka daga gida, don haka yanzu daga ragowar atamfa kawai muke ɗinka ta.