Cokali biyu na kifin gwangwani

Mahaifina haƙar rijiya ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa a gidanmu ba a wasa da labarin mutum a ƙarƙashin ƙasa. Ina yaro na sha tsayawa bakin rami ina kallon igiya tana sauka da shi, sai dai ka ji muryarsa daga can ƙasa kamar mai magana cikin tulu. Gaba goma kawai, amma cikina ya ɗuri ruwa. Sai ga shi a 2010 an wayi gari da mutum 33 a ƙasar Chile, kusan mita 700 cikin ƙasa.

Mahaƙar zinariya da tagulla ce mai suna San José, kusa da garin Copiapó a hamadar Atakama. Ranar 5 ga Agusta dutse ya rufto ya toshe musu hanyar fita. Aka yi kwana 17 ba wanda ya san ko suna raye.

Ni waɗannan kwanaki 17 ɗin ne suka fi tsaya mini a rai, fiye da ranar fitowar da duniya ta kalla. Abincin da ke cikin ɗakin mafakarsu na 'yan kwanaki ne. Sai suka yi masa rabon tsiya: cokali biyu na kifin gwangwani, kurɓin madara, gutsuren biskit, sai kuma bayan kwana biyu. Majiya ƙarfi 33, ga zafi, ga duhu, ga yunwa, amma abincin ya kai su. Ni da azumin wuni ɗaya ke sa in riƙa leƙen agogo tun la'asar! Ranar 22 ga Agusta da aka zaro ƙarfen haƙa, sai ga 'yar takarda ɗaure a jikinsa, an rubuta da jan biro cewa suna lafiya cikin mafaka, su 33.

Daga nan aka riƙa zura musu abinci da magani da wasiƙun iyali ta wani siririn rami, har aka gama haƙa wanda mutum zai iya bi. Wani kejin ƙarfe aka ƙera mai suna Fénix, faɗinsa da kyar ya wuce kafaɗar mutum. Ɗaya bayan ɗaya ake jawo su, kowa da baƙin tabarau don kada haske ya lalata masa ido.

Ranar 13 ga Oktoba, kwana 69 ke nan, Florencio Ávalos ya fara fitowa, gabanin asuba a wajenmu. Wunin ranar Baba yana gaban talabijin, shi da ko labarai bai cika kallo ba. Bai damu da shugaban ƙasa Sebastián Piñera da ke ta rungumar mutane ba, igiyar ƙarfen yake kallo tana naɗewa. Can ya ce mini, "Kai, wa ke riƙe da ita?" Na ce inji ne, Baba. Ya yi tsaki.

Barci ya ɗauke shi kafin a gama. Da safe na gaya masa duk sun fito, na ƙarshensu kuma Luis Urzúa ne, shugaban ma'aikatan. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ake yi, wanda ya shigar da mutane rami ba ya riga su fitowa. Da na gaya masa a 2013 cewa an rufe binciken ba a gurfanar da kowa ba, bai ce komai ba, ya ɗauki butarsa ya fita alwala.