Littafin tsoffin tambayoyi ba ya jin labarai

Da zarar an ji an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, na kwastan ne ko na shige da fice, na 'yan sanda ko na Hukumar Ma'aikatan Tarayya, kasuwa biyu ke ci a garin Gombe. Ta farko ta masu kafen intanet ce, inda za ka ga matasa sun yi layi da fayil a hammata, ana ta loda takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Ta biyu ta masu sayar da ɗan littafin nan ne na tsoffin tambayoyi, mai siririyar takarda da tutar Najeriya a bango, wanda yanzu har ya koma waya, ana ta tura shi daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Na zauna irin wannan jarrabawa ta ɗaukar aiki, na kuma daɗe ina zama da ƙanne masu shirin shigarta. Da yawa daga cikin waɗanda ɓangaren sanin al'amuran yau da kullum ke kayarwa sun yi karatu iya ƙarfinsu, sai dai abin da suka karanta ya riga ya tsufa.

Shi wannan littafi, wani ne ya zauna ya tattara shi shekarun baya, wani ya kwafa, wani ya sake kwafa, aka sauya bango aka buga sabuwar shekara a kai, ciki kuwa yana nan yadda yake. Zai ce maka ranar dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce, alhali Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, kuma tun 2019 haka ake yi. Taken ƙasar da muka tashi muna rerawa a filin makaranta an ajiye shi a Mayun 2024, an dawo da na lokacin samun 'yancin kai. Hukumar gidajen yari ta koma hukumar gyaran hali tun 2019. Shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa sun sauko daga 40 zuwa 35 a 2018, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Yaro zai hana idonsa barci yana haddace amsar da ta daina zama gaskiya, ya shiga ɗakin jarrabawa ya danna ta da ƙarfin gwiwa, ya fito yana ce wa mutane ai ya zuba musu aiki.

Wata safiya a teburin mai shayi a Jekadafari, ƙanin wani abokina, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, yana bita da wayarsa yana faɗin amsa a fili. Ya zo kan yawan ƙasashen ECOWAS, ya ce 15. Wani dattijo direban babbar mota, rediyonsa na gefen kofinsa, ya ɗago kai.

"Kai yaro, goma sha biyar ɗin nan har da Nijar ka ƙirga?"

"E, Baba, haka yake a littafi."

"To littafin naka ba ya jin labarai. Ai da ita da Mali da Burkina Faso sun kwashe nasu ya nasu, har sun kafa tasu ƙungiyar."

Gaskiyar dattijo ce. Ficewar ƙasashen uku ta tabbata a Janairun 2025, saura 12. Mai digiri ya yi tsuru-tsuru, mai shayi na ta dariya yana fasa ƙwai.

Abin da nake sa ƙannena su yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Littafin rubutu ɗaya, a raba shi biyu. Daga gaba a yi rubutu da biro, nan ne mazaunin abin da ba ya sauyawa: haɗe Kudu da Arewa a 1914, samun 'yanci 1 ga Oktoba 1960, zama jamhuriya a 1963, fara kashe naira a 1973, kafa ECOWAS a Legas a 1975. Daga baya a yi da fensir, nan ake ajiye duk abin da alƙalamin shugaban ƙasa ko ƙuri'ar jama'a ke iya gogewa: sunayen ministoci, hafsoshin tsaro, gwamnan Babban Banki, alƙalin alƙalai, shugabannin majalisa, mafi ƙarancin albashi, yawan ma'aikatu. A 2024 kaɗai an mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, an kuma ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi, wadda babu ita a kowane tsohon littafi. Rarrabewar ita kanta karatu ce, domin kafin ka rubuta kowane abu sai ka tambayi kanka wa ke da ikon sauya shi. Wanda ya san wa ke naɗa wa, wa kuma ke tantance wa, ya gama da rabin tambayoyin da ake yi kan tsarin gwamnati.

Ɓangaren biro ma ba na son a haddace shi tsirara, shekara ga shekara babu labari a tsakani. Ƙirƙirar jihohi ita ce tambayar da ba ta taɓa ɓacewa, ita ce kuma aka fi rikicewa a kanta, alhali mu 'yan Gombe amsar tana cikin gidajenmu. A ɗauki tsohon da aka haifa a Kumo kafin samun 'yanci, bai taɓa ƙaura ba. An haife shi a Lardin Bauchi cikin Jihar Arewa, Kaduna ce hedikwatar jihar. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar gida 12, sai tsoho ya wayi gari ɗan Jihar Arewa maso Gabas, hedikwata Maiduguri. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya mayar da jihohi 19, ya zama ɗan Jihar Bauchi. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya ƙara shida, da Gombe da Zamfara da Nasarawa da Ebonyi da Ekiti da Bayelsa, suka cika 36, hedikwata ta iso kusa da ƙofar gidansa. Tsakanin Murtala da Abacha akwai na Babangida sau biyu da ba su taɓa mu ba: Katsina da Akwa Ibom a 1987, suka zama 21, sai 1991 da suka kai 30, lokacin da maƙwabtanmu Yobe da Taraba suka samu tasu.

Idan ka riƙe rayuwar wannan tsoho, sauran abubuwa da kansu suke zuwa su rataya a jikinta. Me ya sa Gowon ya yi nasa a 1967? Domin ƙasa na gab da rabewa, kwana uku bayan nan Ojukwu ya ayyana Biyafara, yaƙin basasa ya biyo baya har Janairun 1970. Kwana goma bayan Murtala ya ba mu Bauchi aka kashe shi a Legas, 13 ga Fabrairu. Shi ne kuma ya yanke shawarar gina Abuja a wannan shekara, ko da yake sai 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare. Sai ka lura da wani abu: duk jihohin nan soja ne suka ƙirƙire su. Farar hula sau ɗaya suka taɓa yin makamancin haka, lokacin da aka fitar da yankin Yamma ta Tsakiya a 1963. Dalili kuwa yana sashe na 8 na kundin tsarin mulki, wanda ya gindaya sharuɗɗa masu wuyar cikawa, har da ƙuri'ar raba gardama da amincewar majalisun jihohi. Daga 36 ɗin nan ne ma lissafin majalisar dattawa ke fita: kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya, 109 ke nan. Wanda ya fahimci haka ba ya buƙatar haddace lambar.

Tun da na ambaci kundin tsarin mulki na 1999, abin mamaki ne yadda mai neman aikin gwamnati zai sayi littattafan tambayoyi iri-iri amma bai taɓa buɗe shi ba, alhali kyauta yake a intanet. Ba a ce ka karance shi kaf ba. Sashe na 4 da na 5 da na 6 sun raba iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna. Babi na huɗu na 'yancin ɗan Adam ne. A can ƙarshe akwai jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, da waɗanda take tarayya da jihohi. Shi ma wannan jeri a ajiye masa fensir kusa, domin gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali.

A cikinsa kuma akwai sashe na 14(3), wanda ya shafi mai neman aiki kai tsaye, shi ne tushen raba daidai a ayyukan tarayya, akwai ma hukuma sukutum da aka kafa domin sa ido a kai. Ma'anarsa a aikace ita ce abokin takararka na farko ba ɗan Legas ko ɗan Inugu ba ne, wanda kuka yi sallar asuba sahu ɗaya ne, ko ɗan Billiri da kuka yi aji ɗaya a jami'a. Shi ya sa takardar shaidar ƙaramar hukuma ke da nauyi, shi ya sa kuma a wajen tantancewa ta baka ake iya jefo maka tambayar gida don a ji ko da gaske kai ɗan can ne. A nan nake ganin abin kunya. Matashi ya san babban birnin ƙasar Biraziliya, amma ka ce ya jero ƙananan hukumomin Gombe 11 sai ya kai takwas ya tsaya yana kallon sama, yawanci Shongom da Kwami da Nafada ke sulluɓe masa. Bai san Talasse ce hedikwatar Balanga ba, ko Malam Sidi ta Kwami, ko Bajoga ta Funakaye. Bai san a kan kogin Gongola aka gina madatsar Dadin Kowa ba. Ya sha bin hanyar Ashaka, amma bai taɓa jin cewa a Bormi, nan cikin Funakaye, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi yaƙinsa na ƙarshe da Turawa a 1903 ba. Gwamnonin farar hula huɗu kacal jihar ta yi tun 1999, Hashidu da Goje da Dankwambo da Inuwa Yahaya, amma sai ka ji an sa na biyu a farko. Rijiyoyin man Kolmani da Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022 a kan iyakarmu da Bauchi suke, tambayar ƙasa baki ɗaya ce, mu kuwa a bayan gidanmu take.

Ita ma hukumar da kake nema ka san ta. Kwastan a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi take. Shige da fice da sibil difens da kashe gobara da gyaran hali na ma'aikatar cikin gida ne, hukuma ɗaya ke ɗaukar musu ma'aikata. Ka san shekarar kafuwarta, da sunan muƙamin shugabanta, da aikin da doka ta ɗora mata. Minti talatin sun isa wannan.

Rediyon Hausa ba ƙaramar gata ba ce gare mu, shi ya sa dattijon can ya fi mai digiri sanin halin da duniya ke ciki. Sai dai da Turanci ake yin jarrabawar, don haka abin da ka ji da safe a BBC, ka neme shi da rana a jaridar Turanci, ka ga yadda ake rubuta sunan hukumar da na muƙamin. Haka nan kwamfuta. Wanda duk karatunsa a waya ya yi, ya je kafe ya biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ya saba da linzami da agogon da ke gudu a saman allo. Tambayar sanin yau da kullum ko ka sani ko ba ka sani ba, zama a kanta ba ya kawo amsa. Ka danna ka wuce, ka tara mintunan ga lissafi da Turanci, inda tunani ke biya.

Na san abin da ake faɗa a majalisa da zarar an ga mutum da littafi: wai wahalar da kai ne, an riga an raba guraben, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ba zan rantse cewa babu alfarma a ƙasar nan ba, duk mai ido ya gani. Amma na lura masu yawan faɗin haka su ne ba sa zuwa ɗakin jarrabawar da komai a kai, don sun riga sun samo wa kansu uzuri. Ko mai hanyar ma sau da yawa sai sunansa ya tsallake matakin kwamfuta kafin a samu abin kamawa a taimake shi. Kuma wannan magana ta "sai da hanya" ita ce jarin 'yan damfara. Da yaro ya yarda cewa karatu ba ya kai mutum, sai wani ya kira shi a waya da murya irin ta manya, ya ce akwai gurbi ɗaya da ya rage, a turo kaza kafin magariba. Na ga gidan da aka sayar da tumakin uwa aka tura, daga baya lambar ta daina shiga. Hukumomin nan da bakinsu suke shelanta cewa cike takardar neman aiki kyauta ne, a shafinsu kuma ake duba sunayen waɗanda aka gayyata. Duk wanda ya turo maka lambar asusu mai sunan mutum, kar ka tsaya ciniki da shi, ka nuna wa wani babba a gida kafin ka taɓa ko kwabo.