Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Wuyan Yaya

Makon jiya na tsaya a inda muka kwance wa Yaya mari. Har yau in na rufe ido ina ganin shatin ƙarfen nan a ƙafarsa, baƙi ƙirin.

"Ciwon iska ba na allura ba ne." Abin da Baffa ya ce ke nan ranar da na ce zan kai shi Yawunde. Na dai kai shi. Mota daga Garwa zuwa Ngaundare, sannan kwana guda a jirgin ƙasa, yana ta amsa wa muryoyin da shi kaɗai ke ji. A asibitin Jamot likita ya kira ciwon da sunansa, sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, ya rubuta magungunan Haldol da Largactil. Kafin wata ya cika Yaya ya nemi buta da kansa ya yi alwala.

Muna dawowa gida wuyansa ya sandare. Yawu na dalala, hannu na karkarwa. Baffa ya tara mu a zaure: "Ba na faɗa muku ba? Ga shi an fusata su." Ya zuba ƙwayoyin a masai. Na yi shiru, wai ƙanin uba uba ne. Shirun nan shi ke cin raina.

Sai da shekaru suka shuɗe wani ma'aikacin jinya ya warware mini. Magungunan suna tare aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, shi ya sa muryoyin ke lafawa. To dofamin ɗin ne kuma ke sa jiki ya motsa a sake, in an tare shi sai jiki ya sandare. Likita yakan rage yawan maganin, ko ya haɗa da Artane, maganin sandarewar. Tun 1952 ake ba masu taɓin hankali Largactil a Faransa, Haldol kuwa a 1958 aka haɗa shi a Beljiyam. Abin da aka sani tun ba a haifi Yaya ba, shi ya mayar da shi mari.

Bayan ambaliyar 2012 Inna ta daina ci, ta daina fita ko barka. Ciwon damuwa, in ji likita, ya ba ta Laroxyl, ya ce sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga canji. Kwana 5 kacal Baffa ya soma: "Ciwon iska…"

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka gafarce ni, wannan karon maganin a aljihuna zai kwana."

Yaya yanzu allurar wata-wata yake karɓa, ni nake kai shi a babur. Maganar gonarmu ta Pitowa kuwa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.